Masu son kallon jirgin ƙasa a Zariya, ina kuke tsayawa? Kuma akwai littafi?

Bazazzagi_77:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya amma kar a yi min dariya. Ni mutum ne mai son kallon jirgin ƙasa, ba hawa ba fa, kallo kawai, in ga kan jirgi ya taho yana huci da taragu a bayansa. To a nan Zariya ina ne ya fi dacewa mutum ya tsaya ya gani sosai, in da hali ya ɗau hoto, ba tare da an ɗauke shi mai taɓin hankali ko ɗan leƙen asiri ba? Na biyu kuma, akwai wani littafi da ya yi bayanin layukan dogo na ƙasar nan, da tashoshi da irin injinan da ake amfani da su? Ko na Turanci ne ina so, in an samu na Hausa kuma ya fi.

Sarkin_Musu:
Wa alaikumussalam. Wane jirgin? Hhhh. Malam ka fara samo mana jirgin tukuna sai mu nuna maka inda za ka tsaya.

Dan_Loko:
Kai Sarkin_Musu ba a raba ka da tsiya wlh. Jirgi na wucewa, sai dai ba kamar da ba, kuma ba za ka ce yau ƙarfe kaza zai zo ba, yawanci na kaya ne. Malam Bazazzagi amsar tambayarka ta farko ai a fili take, tashar Sabon Gari. Ni a kwatas ɗin reluwe na tashi, mahaifina ma'aikaci ne, don haka na san wurin ciki da bai. Zariya ba ƙaramar tasha ba ce, mahaɗa ce, layi ɗaya ya yi kudu zuwa Kaduna ya zarce Minna har Legas, ɗaya ya yi Kano, ɗaya kuma ya bi ta Samaru ya yi Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda. Ofishin shiyyar arewa na hukumar jiragen ƙasa ma a nan yake, ga loko inda ake gyaran injina. Ko jirgi bai shigo ba akwai abin kallo, taragu a jere, layuka suna rabuwa suna haɗuwa, tsofaffin sigina, in ka yi sa'a ka tarar ana shantin, wato injin na ja yana turawa yana haɗa taragu, wannan ya fi wucewar jirgi daɗin kallo don wucewa minti biyu ne an gama.

Maman_Ilham:
Allah sarki, kun tuna min da yarinta. Mu a Hayin Dogo muka tashi a Samaru. Da mun ji usur sai kowa ya watsar da abin da yake yi, ko talla ce a kai, mu ruga bakin dogo muna ɗaga wa fasinja hannu, su ma suna ɗago mana, wani ma ya jefo mana rake ko lemo. Samarin unguwa kuma su ɗora murfin kwalba ko ƙusa a kan ƙarfen, jirgi ya bi ta kai ya baje shi fyaɗe, su yi wuƙar wasa da shi. Mama ta sha zane mu kan haka. In kallo kake so ka zo Samaru, fili ne fetal, kana hango shi tun daga nesa.

DanSamaru:
Anti wannan labarin da ne. Layin yana nan amma sai ka daɗe ba ka ji usur ba, wani wurin ciyawa, wani wurin shara, wani wurin mutane sun kafa rumfa har bakin ƙarfe. In ya zo Samaru dogo zai kalla ba jirgi ba.

Maman_Ilham:
To ai dogon ma abin kallo ne ga mai so, ƙanina. Ba shi ya ce yana so ba?

Tsohon_Reluwe:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna min wannan magana ya ce lallai sai na sa baki, shi ke buga min. Dan_Loko ya faɗi gaskiya, sai dai ya lissafa layi uku, alhali a da huɗu ne ke fita daga Zariya. Na huɗun ƙaramin dogo ne da ya tashi daga nan ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre, ya hau dutse ya shiga Jos har Bukuru. Don kuza aka yi shi, ya isa can a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kawai, babban layinmu kuwa ƙafa uku da rabi, saboda haka tarago ɗaya ba ya bin duka biyun, duk kayan da ya sauko daga Jos sai leburori sun sauke shi a Zariya sun sake loda shi a manyan taragu. Wannan lodi da sauke ya tara jama'a a Sabon Gari ba kaɗan ba. Da aka ja babban layi daga Kafancan ya shiga Jos a 1927, sai kuza ta koma bin Fatakwal kai tsaye, ƙaramin dogo ya rasa abincinsa, ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957. Ni ban yi aiki a kansa ba, amma waɗanda suka koya min aiki sun yi, suna cewa saboda rashin saurinsa a hawan dutse mutum kan sauka ya yi uzurinsa ya dawo ya cim masa. Layin Ƙaura Namoda kuma da 'yata ke magana a 1929 ya kai ƙarshensa, auduga da gyaɗa da shanu yake kwasowa.

Bazazzagi_77:
Kai Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wlh shekarata nawa ina bin hanyar Jos ta Pambeguwa ban taɓa jin cewa jirgi ya taɓa bi ta wajen ba.

Sarkin_Musu:
Duk dai Turawa don kansu suka yi. Suka jawo dogo tun daga Legas har Kano don su kwashe mana gyaɗa, shi ke nan labarin.

Malam_Kongo:
Rabin maganarka gaskiya ce Sarkin_Musu, don kwasar amfanin gona aka yi, ba wanda ya musa. Amma dogon da ya fara zuwa Zariya ba daga Legas aka jawo shi ba. Daga Baro ne, a bakin kogin Kwara, cikin jihar Neja ta yanzu. A jirgin ruwa ake kawo ƙarafa da injina har Baro, daga nan aka shimfiɗo ta Minna, ta Kaduna, ta Zariya, ya isa Kano a 1911. Gwamnan arewa na lokacin da aka fara aikin, Percy Girouard, shi kansa injiniyan dogo ne, abin da ya sa aka turo shi ke nan. Layin Legas daga baya ya zo ya haɗu da wannan a Minna, kuma ko da ya haɗu ɗin, kafin a gama gadar Jebba a jirgin ruwa ake tsallakar da taragu. Wani abin kuma, Turawan auduga suka sa wa rai tun farko, shi ya sa suka kafa injin gurzar auduga a nan Zariya, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi suka juya mata. Dalar gyaɗar da ake ta nunawa a hoto, wani ɓangare na dalilinta shi ne jirgi ba ya iya kwashewa da sauri kamar yadda ake kawowa, buhuna ke taruwa suna jiran tarago.

Sarkin_Musu:
Ko ta Baro ya zo ko ta sama ya faɗo, gyaɗar dai a bakin teku ta ƙare. Ina nan kan bakana.

Uwar_Biyu:
Hhhh Sarkin_Musu sunanka ya bi ka.

Malam_Kongo:
Bari in koma kan tambaya ta biyu tunda ba wanda ya taɓa ta. Babban littafin da aka sani shi ne The History of the Nigerian Railway na Francis Jaekel, juzu'i uku ne, kamfanin Spectrum na Ibadan ya buga a 1997. Marubucin Bature ne da ya yi aikin reluwe a ƙasar nan shekaru masu yawa, saboda haka ya san abin daga ciki, akwai layuka, gadoji, injina, har ƙananan bayanai da za su gundure ka in ba mai so ba ne kai. Ba littafin sa wa a aljihu ba ne, na zama a tebur ne. Ka fara duba ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, in za ka Kaduna kuma ka leƙa Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa, can ne ake samun tsofaffin rahotanni da taswirori. Sannan akwai aikin da ya fi kusa da mu, Shehu Tijjani Yusuf na jami'ar Bayero ya yi digirin digirgir ɗinsa a Leiden ta ƙasar Holan a kan ƙauyukan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya, yadda jirgi ya canza musu rayuwa. Ni a ganina shi ya kamata ka fara karantawa kafin Jaekel, don garuruwan da ke ciki ka san su. Na Hausa kuwa ni dai ban ci karo da shi ba tukuna.

Injiniya_Basawa:
Ƙari a kan na Malam, kar a manta muna da NITT a kan hanyar Basawa, cibiyar koyar da fasahar sufuri ce ta ƙasa baki ɗaya, tun 1986 take. Mutane na wucewa ta ƙofarta kullum ba su san me ake yi a ciki ba. In ɓangaren injin ne ya dame ka, yadda birki ke aiki, yadda ake shimfiɗa dogo, can ne za ka samu masu amsa maka. Ka je da takardar shaida ka nemi izini ta ofis.

Dalibi_a_Ingila:
Malam Bazazzagi kar ka ji kunya ko kaɗan, a nan abin da kake so ɗin al'ada ce babba. Za ka ga dattijo da farin gashi ya tsaya a ƙarshen dandamalin tasha cikin sanyin nan, da ɗan littafi da biro da fulas ɗin shayi, duk injin da ya wuce ya rubuta lambarsa. Irin littafin da kake nema su suna da shi tuntuni, wani mai suna Ian Allan ne ya fara fitar da shi a 1942, ɗan ƙarami ne mai shiga aljihu, ba komai a ciki sai jerin lambobin injina da ajinsu, wanda ka gani da idonka sai ka ja masa layi. Yara suka yi ta saye har abin ya zama kamfani. A garin York kuma akwai gidan tarihin jiragen ƙasa, shiga kyauta ne, na je na ga injinan kwal an goge su suna ƙyalli. Abin da Malam_Kongo ya kawo tarihi ne, yana da kyau, amma mai tsayawa bakin dogo ɗan ƙaramin nan yake bukata, kuma gsky in kana son irinsa na Najeriya kai za ka sayi littafin rubutu ka fara.

Sarkin_Musu:
Mutumin da ya ƙoshi ne ke rubuta lambar jirgi. Mu nan lambar keke napep muke rubutawa saboda kar a gudu da kaya.

Uwar_Biyu:
To mu ma muna da ɗan gidan tarihin ai, a Legas, Ebute Metta, cikin harabar reluwe, ana ce masa Jaekel House. Da muka je biki maigidana ya kai mu, tsohon gidan bene ne na zamanin Turawa, akwai hotuna da kayan aikin da. Ashe sunan mai littafin nan ne, sai yanzu na haɗa.

Mai_Kyamara:
Bari in yi magana a kan hoto tunda sana'ata ce, kuma don Allah Bazazzagi ka saurara da kyau. Kar ka kuskura ka shiga wata tasha ka ɗaga kyamara ba ka gaida kowa ba. Tun harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda aka kashe mutane aka sace wasu, jirgin ya tsaya har Disamba, duk wanda aka gani yana ɗaukar hoton dogo ko gada kallon tuhuma ake masa, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Ni a wata tasha, ba a nan garin ba, wasu masu kaki sun taɓa zaunar da ni a benci tun hantsi har azahar suna bincika wayata hoto bayan hoto, sai da wani dattijo da ya san mahaifina ya sa baki. Hanya mai sauƙi ita ce ka tafi ofishin shugaban tasha, ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, in ya ce to shi ke nan, in ya ce a'a ka mayar da kyamara jaka ka kalla da ido. Game da haske kuma, da sassafe ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Tsakar rana ƙarfe na walƙiya hoto ya ƙone. Lokacin hunturu ƙura na rufe nesa amma tana ba hoto wani kala mai kyau, ni na fi son ƙarshen damina, ciyawa kore shar, sama garau.

Dan_Loko:
Gaskiya ne. Kuma ka riƙe goro ko ɗan abin shayi wa masu gadin mararraba, inda dogo ya ƙetare titi. Ba cin hanci ba ne, ladabi ne. Su ne ke fara sanin jirgi na tafe don ana sanar da su su rufe hanya. In ka saba da ɗaya ya karɓi lambarka ka huta da zaman jira.

Bakatsine_a_Zazzau:
Ni shawarata ka hau dutsen Kufena da abin hangen nesa, duk garin na ƙarƙashinka.

Dan_Loko:
Haba malam, daga Kufena ina kai ina tasha? Wusasa za ka gani da rufin kwano. Jirgi ai a kusa ake jin daɗinsa, ƙasa na rawa a ƙafarka.

Hajiya_Tudun_Wada:
Ni fa duk wannan magana taku, wanda bai ga jirgin Makka zuwa Madina ba bai ga jirgi ba. Da muka je Umra muka hau, tafiyar da mota ke kwashe awanni da yawa cikin awa biyu da ɗan wani abu mun isa, ko shayin da ke hannuna bai zube ba. Ga kuma na Mina da Arfa da Muzdalifa lokacin aikin Hajji. Allah ya kai wanda bai je ba.

Injiniya_Basawa:
Amin Hajiya. Wancan da lantarki yake tafiya, an buɗe shi a 2018, yana kai kilomita 300 a awa. Ba ajinsu ɗaya da namu ba. Abin da ke ba ni takaici, shekarar 1964 da dogonmu ya isa Maiduguri, a shekarar ce Japan ta buɗe jirginta mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka. Mu daga nan muka tsaya cak shekara da shekaru, aka koma kan tirela da tanka, titi ya yi ta cin rai.

Uwar_Biyu:
To ni tambayata, me ya sa jirgin Abuja ba ya ƙarasowa Zariya tunda ga dogo nan a shimfiɗe daga Kaduna? Sai mutum ya hau mota ya je tashar Rigasa ta Kaduna tukuna, ga kaya ga yara.

Injiniya_Basawa:
Anti matsalar da Baba ya faɗa ce ta ƙaramin dogon Jos, ita ce ta dawo. Tsohon layinmu tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1067 ne, sabon na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma 1435 ne. Ƙafafun jirgi a kafe suke a jikin sandar ƙarfe ɗaya, ba sa matsewa ba sa buɗewa, saboda haka jirgin Rigasa ba zai taɓa hawa dogon Sabon Gari ba. Shi ya sa ake shimfiɗa sabo fil daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, Buhari ya ƙaddamar da aikin a 2021, kuma ta Zariya zai bi. Daga Kano kuma ga na Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In Bazazzagi jirgi mai lokaci yake so, wanda zai duba agogo ya ce yanzu zai taso kuma ya taso, to a halin yanzu Rigasa ce mafi kusa da mu.

Mai_Kyamara:
Rigasa kam akwai jirgi amma wurin a killace yake, ba tikiti ba shiga, kuma ba wurin yawo da kyamara ba ne. Gara ka yanki tikiti ka hau zuwa Kubwa ko Idu, ka je da wuri, ka kalli injin a dandamali kafin a tashi. Kujerar taga ka nema.

Bazazzagi_77:
Na gode ƙwarai jama'a, ina ta rubutawa. Amma ni gsky tsohon layin ya fi ja na, sabon ya yi tsaf da yawa kamar filin jirgin sama. Baba Tsohon_Reluwe, in na je tasha me zan lura da shi wanda baƙo ba zai gani ba?

Tsohon_Reluwe:
Yawwa ɗana, yanzu ka yi tambaya. Da farko ka duba jikin kan jirgi, akwai lamba, kuma sau da yawa akwai ɗan farantin ƙarfe da ke nuna kamfanin da ya ƙera da shekara. Ka rubuta, kamar yadda yaron nan na Ingila ya ce. Jikin ƙarfen dogon ma a gefe akwai rubutu da aka zubo shi da shi, in ka share ƙura za ka ga shekara, wani ƙarfen ya girmi mahaifinka. Na biyu ka kalli sigina mai hannu, dogon ƙarfe ne da hannu a sama, in hannun ya miƙe sosai to tsaya ke nan, in ya karkata hanya ta buɗe, kuma da waya ake jan sa daga ɗakin liba, wato ɗakin da sandunan jan sigina suke, ka bi wayar da ido za ka ga inda ta fito. Na uku, layinmu guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk a kansa suke, to me ya hana su karo? A zamaninmu direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata alama ta ƙarfe da ke nuna wannan yanki nasa ne shi kaɗai, na'urar ba ta sakin ta biyu sai ya kai ta farko tasha ta gaba. Wani lokaci jirgi bai tsaya ba ake miƙa ta, a cikin zobe, mataimakin direba ya zura hannu ya cafke. Wannan shi ne abin kallo, ba fenti ba. Injinan kwal kuwa na riske su a ƙarshensu, akwai wani aji da aka sa wa kowanne sunan kogi na ƙasar nan. Wahalarsu biyu ce, kwal daga Inugu ake ɗauko shi, ruwa kuma da rani a arewa sai an yi da gaske, shi ya sa kowace babbar tasha za ka ga tankin ruwa a sama. Dizal ya fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, a hankali ya ture su. Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba, kar ka tsaya a tsakanin layi, kar ka shiga ƙarƙashin tarago ko yana tsaye, kar ka toshe kunne da abin jin waƙa. Jirgi mai kaya ko direba ya gan ka ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Na ga abin da ba na son tunawa.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah ya kiyaye. Baba wannan gargaɗin har da masu shanya barkono da masu kasa kaya a kan dogo, sun ɗauka tunda ya daɗe bai zo ba ba zai zo ba.

Gimi_Tasha:
Duk kun tattara a cikin gari. Ku fito ƙauye mana. Layin Kano ya bi ta Likoro, ya zo mana Gimi, ya wuce Ɗangora da Madobi da Chalawa. A wurinmu ba gini ba katanga, kana zaune gindin mangwaro kana shan rake za ka hango shi yana tahowa ta cikin gonaki, ka ƙirga taragu ɗaya bayan ɗaya ba mai ce maka kanzil. Kakata ta ce da jirgi suke sanin lokaci, kuma da shi suka yi kayan ɗaki, yana tsayawa su rufe tagogi da tallan fura da dafaffen ƙwai da rogo. Garinmu tasha ce ta raya shi, da jirgi ya ja baya kasuwa ta koma bakin titi, samari suka watse. In za ka zo ka fara gaida mai unguwa dai, yanzu zamani ya canza, baƙo da kyamara a bakin dogo sai an tambaya.

Malam_Kongo:
Garuruwan da ka lissafa irinsu ne aikin Shehu Tijjani ya bi. Ka ga abin da nake nufi ke nan Bazazzagi, ka karanta sannan ka je ka gani.

DanSamaru:
Dalilin tambayar ai ba tsaro kaɗai ba ne, ɓarayin ƙarfe sun yi yawa. Ana kwance dogo da daddare a yanka da gas a loda a tirela a kai wa masu narkawa, an sha kama su ana nunawa a labarai. In aka ci gaba a haka littafin Bazazzagi kafin ya cika dogon ya ƙare.

Sarkin_Musu:
To in sabon layi ya zo me za a yi da tsohon? A sayar da shi a hukumance kawai a huta, tunda ba ya hawa.

Dan_Loko:
A'a wlh. Sabon zai je Ƙaura Namoda ne? Zai je Nguru? Tun 1930 dogo ya kai Nguru, zai tsaya a Gimi ya ɗau buhun masara? Sabon na masu jakar hannu ne, tsohon na mai buhu da akuya. Ko a 2012 da aka gyara layin Legas zuwa Kano aka dawo da jirgin fasinja, da ka je ka ga yadda tasha ke cika a lokacin, talaka na so, araha ne.

Injiniya_Basawa:
Riƙe layi biyu masu faɗi daban tsada ne Dan_Loko, injina daban, taragu daban, kayan gyara daban. Amma na yarda da kai kan kaya, siminti da taki da hatsi ba sa bukatar gudu, tarago ɗaya na ɗaukar kusan lodin tirela, ka ga jirgi guda ya cire tireloli da yawa daga titin Kano.

Bazazzagi_77:
To ni dai ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fara da Sabon Gari, ofishin shugaban tasha tukuna kamar yadda Mai_Kyamara ya ce. Wanda ke da lokaci ya zo mu haɗu a unguwar PZ ta Sabon Gari bayan la'asar. Gimi_Tasha zan neme ka daga baya.

Mai_Kyamara:
Asabar ba lallai ka samu manyan ofis ba, ka je ranar aiki ka nemi izinin, Asabar ɗin sai a yi kallo.

Dalibi_a_Ingila:
Kafin ka je ka buɗe Google Maps ka sa hoton tauraron ɗan adam a kan tashar, za ka ga yadda layukan suka rabu. Ka gwada bin gabas ta wajen Soba ma, sau da yawa tsohuwar hanyar dogo ko an kwashe ƙarfe tana barin alama a ƙasa.

Hajiya_Tudun_Wada:
Ni tambayata ga Injiniya, sabuwar tashar tamu in an gama, Allah ya sa ba irin Rigasa za a yi mana ba a kai ta bayan gari, kuɗin keke ya kusa kamo kuɗin jirgi.

Dan_Loko:
Hajiya sabon layi ba ya son kwana, miƙewa yake, kuma ba za a rushe rabin Sabon Gari don shi ba. Ki fara tanadin kuɗin keken kawai.